Yadda Agogo Ya Hau Kanta: Fashin Baƙi Kan Eli Terry da Agogon Katako

Tsohon agogon Turawa mai tsayuwa a kusurwar falo, wanda ya fi mutum tsawo, ba don ƙawa aka yi shi haka ba. Larura ce ta miƙar da shi. Wanda ya gane wannan larurar zai gane dalilin da ya sa ƙaramin agogon katako da ake ɗorawa a kan kanta, wanda Ba'amurke Eli Terry ya fito da shi, ya zama babban al'amari a tarihin ƙira, har masu tara kayan tarihi suke rububinsa yau, alhali a zamaninsa agogon talaka ne.

Kowane agogo irin na da, komai girmansa, abubuwa huɗu ne ke cikinsa. Akwai abin da ke ba shi ƙarfi, wato ko dai wani nauyi da aka rataye da igiya yana sauka sannu a hankali, ko sifirin da aka naɗe yana warwarewa. Akwai jerin fayafayai masu haƙora, wannan na juya wancan, su ne ke kai ƙarfin har zuwa hannayen agogo. Akwai abin da ke auna lokaci, wanda daga baya ya zama sandar lilo. Sai kuma zuciyar aikin gaba ɗaya, wata 'yar na'ura da za a iya kiranta kama-da-saki: takan riƙe faifan ƙarshe, ta sake shi haƙori ɗaya, ta sake riƙewa. Ba don ita ba, da nauyin ya zube ƙasa cikin ƙiftawar ido, hannayen su yi ta walwala. Ƙarar nan ta tik-tik da ake ji, ita ce ke kamawa tana saki. Kuma a duk sakin da ta yi, tana ɗan tura sandar lilo kaɗan don kada ta tsaya.

Kafin a kai ga wannan tsari an daɗe ana auna lokaci da ruwa, kuma gwanayen wannan fanni da yawa Musulmi ne. Al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir, a ƙasar Turkiyya ta yau, aiki, ya kammala bayanin agogunansa na ruwa a 1206, har da wanda aka gina a bayan giwa. A birnin Fas na Maroko har yau ana ganin ragowar wani agogon ruwa na 1357 a jikin bango, daura da makarantar Bu Inaniya. Taƙiyyuddin, masanin da ya yi aiki a Istambul, kuma ya yi rubutu a kan agogon nauyi da fayafayai tun tsakiyar ƙarni na 16. Amma agogon ƙarfe mai kama-da-saki a Turai ya bunƙasa, daga ƙarshen ƙarni na 13, a hasumiyoyin coci da na gari. Na cocin Salisbury a Ingila, wanda ake danganta shi da 1386, ba shi da ko fuska; ƙararrawa kawai yake bugawa. Maƙera ne suka yi irin waɗannan, da wuta da guduma, kuma kuskurensu yakan kai kwata na awa a yini. Shi ya sa agogunan farko hannu ɗaya gare su. Wa zai wahalar da kansa da hannun minti a kan agogon da bai san minti ba?

Abin ya canja a 1656, lokacin da Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya haɗa sandar lilo da agogo. Galileo ya riga ya lura cewa abu mai lilo yana ɗaukar kusan lokaci ɗaya a kowace kaiwa da komowa, kuma tsawon sandar ne ke yanke wannan lokacin, nauyin ƙwallon da ke ƙasanta ba ruwansa. Huygens ya mayar da wannan lura ta zama na'ura. Kuskuren kwata na awa ya dawo na 'yan daƙiƙoƙi. Cikin shekara biyu Ahasuerus Fromanteel ya fara tallan irin wannan agogo a Landan. Wajen 1670 kuma maƙeran Landan suka fito da sabuwar kama-da-saki mai kama da ƙugiyar jirgin ruwa, wadda ta ba sandar damar yin ɗan gajeren lilo maimakon wawwaɗawa. Da lilo ya ragu, sai aka iya tsawaita sandar a saka ta cikin siririn akwati.

A nan tsawon ya samo asali. Sandar da za ta yi daƙiƙa ɗaya cur a kowace kaɗawa tana bukatar tsawon kusan santimita 99. Nauyin da zai juya agogo kwana takwas kuma yana bukatar fili fiye da mita ɗaya da zai sauka. Haɗa waɗannan biyu, ka rufe su da katako don ƙura da yara da kyanwa, sai ga ka da akwatin da ya haura mita biyu.

To, me zai hana a gajarta? Sandar ba matsala ba ce. Idan ka rage tsawonta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kimanin santimita 25, za ta riƙa kaɗawa sau biyu a daƙiƙa, sai ka gyara lissafin haƙora ya dace. Matsalar tana wajen ƙarfi. Ingilishi sun warware ta da sifirin, suka yi ƙananan agogunan tebur masu kyau ƙwarai, irin waɗanda Thomas Tompion da Joseph Knibb suka shahara da su. Sai dai sifirin yana da hali: idan aka wana shi sabo yana ja da ƙarfi, idan ya kusa warwarewa ya yi sanyi, agogo kuma ya bi shi. Maganin da aka samo shi ne wani dunƙule mai faɗin gindi da tsinin kai, da aka yi wa zanen tsani a jiki, sarƙa ko tsirkiya tana naɗe a kai. Lokacin da sifirin ke da ƙarfi, sarƙar tana ja ne daga siririn ɓangaren. Yayin da ya yi rauni, ta koma ja daga ɓangare mai faɗi, sai ƙarfin ya daidaita. Dabara ce mai ban sha'awa, amma yanka wannan dunƙule da ƙera sarƙarsa da samun ƙarfen sifirin mai kyau duk aikin tsada ne. Agogon tebur na Landan kayan masu sarauta da manyan attajirai ne.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan yadda maƙerin agogo na wancan zamani yake aiki, don a san abin da aka bari a baya. Yaro yakan shiga hannun ubangida shekara bakwai. A Landan ƙungiyar maƙeran agogo, wadda ta sami takardar sarki a 1631, ita ke sa ido a kan wa zai koya da wa zai buɗe shago. Ana narka tagulla a zuba ta a cikin yashi, a fito da falle, a yi ta bugunsa da guduma har ya yi tauri, a kankare, a goge. Akwai ɗan injin hannu mai raba da'ira da ke tsaga gurbin haƙora, amma siffar kowane haƙori da magagari ake gyara ta. Idan faifai biyu suka ƙi shiga juna da kyau, maƙeri ya ɗauki magagari ya lallashe su har su yarda. Saboda haka kowane agogo ɗan kansa ne. Faifan wannan ba zai zauna a cikin wancan ba, ko da hannu ɗaya ya yi su a wata ɗaya. Gwani da yaransa biyu ko uku agoguna ƙalilan suke fitarwa a shekara, galibi sai an zo an yi oda.

A Amurka bayan samun 'yancin kai lamarin ya fi tsanani. Tagulla daga Ingila take zuwa, da tsada. Ƙarfen sifirin mai kyau babu mai yinsa a ƙasar. Gidan Willard a jihar Masacusets sun yi ƙoƙari: Simon Willard da ƙaninsa Aaron sun yi gajerun agogunan kanta na tagulla masu aiki da nauyi, kuma a 1802 Simon ya sami takardar mallakar fasaha ta wani siririn agogon bango mai kwana takwas wanda har yau ake kwaikwayonsa. Aikinsu tsaf yake, sai dai na hannu ne, kuma na masu hali. Manomi a ƙauye da rana yake duba lokaci, ko da ƙararrawar coci idan yana kusa da gari.

Eli Terry, wanda aka haifa a 1772 a East Windsor ta jihar Konetikat, ya taso cikin wannan tsohuwar hanya. Ya yi koyo a hannun Daniel Burnap, shi kuma Burnap almajirin Thomas Harland ne, Baturen Ingila da ya ƙaura zuwa Konetikat a 1773. Ke nan Terry ya gaji ƙirar tagulla ta Ingila baki da baki. Amma a yankin nasu akwai wata al'ada ta daban, ta yin cikin agogo da katako, kamar yadda mutanen Baƙin Daji na Jamus suka daɗe suna yi. A 1793 ya koma garin Plymouth, a cikin jihar tasu, ya buɗe shago, yana yin na tagulla ga mai kuɗi, na katako ga mai ƙaramin ƙarfi, yana ɗaura su a kan doki yana bi gari-gari. A 1797 ya sami takardar mallakar fasaha a kan wani agogo mai nuna bambancin lokacin rana da lokacin agogo. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka wanda ya arahanta agogo ɗan kasuwa ne kawai da bai san aiki ba. Ya san aikin ciki da bai.

Wajen 1807 wasu 'yan'uwa biyu daga Waterbury, Edward da Levi Porter, suka ba shi kwangilar cikin agogo na katako guda 4,000 a cikin shekara uku, kowane a kan dala 4. A idon masu sana'ar wannan hauka ne, domin babu maƙerin da zai yi adadin nan da hannu ko da zai shekara ɗari. Abin da Terry ya yi shi ne ya sayi wani tsohon gidan niƙa a bakin rafi, ya shafe shekarar farko bai fitar da agogo ba, yana ta ƙera injuna da ma'aunai da ruwa zai juya. A shekara ta biyu ya fitar da 1,000, a ta uku 3,000. Ya cika alkawari.

A ganina a wannan shekarar ta farko, wadda ba a ga agogo ko ɗaya ba, dukkan labarin yake. Ana yawan cewa injin ya kashe gwaninta. A shagon Terry gwanintar ƙaura ta yi, ta tashi daga kan faifai ta koma kan abin da ke yanka faifan. Da, maƙeri yana gyara kowane haƙori da idonsa. Yanzu sai ya zauna ya yi lissafin haƙorin da zai dace tun farko, ya ƙera samfur da ma'auni, ya saita zarto yadda zai tsaga fayafayai da yawa da aka jera a kan sanda ɗaya a lokaci guda, duk su fito iri ɗaya. Ramukan da sandunan fayafayai ke zama a ciki, samfur ɗaya ake ɗorawa a huda su, don tazarar kada ta canja daga agogo zuwa agogo. Kuskure ɗaya a samfur kuskure dubu huɗu ne. Wannan ya fi gyara da magagari wuya, don babu damar lallashi daga baya. Sakamakon kuwa shi ne yaron da bai yi koyon shekara bakwai ba zai iya ɗebo faifai daga wannan kwando, sanda daga wancan, ya haɗa, agogo ya tashi.

Littattafan makaranta a Amurka sun daɗe suna ba Eli Whitney lambar yabon fara ƙera kaya masu sassan da ke musanyuwa, saboda kwangilar bindigogi 10,000 da ya karɓa daga gwamnati a 1798. Amma Whitney bai gama ba sai 1809, shekaru da yawa bayan wa'adi, kuma da masana suka kwance bindigoginsa daga baya sun tarar sassan ba sa musanyuwa ba tare da gyaran hannu ba. Terry kuwa ba da kuɗin gwamnati ya yi ba, kuma kayan da ya yi na gidan kowa ne. Gaskiya katako ya taimake shi, don ya fi ƙarfe sauƙin yanka, kuma manyan haƙoran katako suna yafe ɗan kuskuren da ƙaramar kunamar bindiga ba za ta yafe ba. Duk da haka hakkinsa ne a ambace shi a sahun gaba.

Katakon ma ba kowane ake ɗauka ba. Allunan biyu da ke riƙe da komai da itacen oak ake yi, a tsaga shi ta yadda ba zai lanƙwashe ba. Fayafayai da itacen ceri, saboda naman jikinsa a matse yake, yana karɓar yanka ba ya tsagewa da sauƙi. Ƙananan haƙoran da ke jikin sanduna, waɗanda suka fi shan wahala, da wani itacen dutse mai tauri da ake kira lorel. Faifan kama-da-saki shi kaɗai aka bari na tagulla, domin haƙoransa sirara ne kuma su ke shan bugu dare da rana. Kawunan sanduna kuma ƙarfe ne. Dole a busar da itacen sosai kafin a taɓa shi. Akwai kuma raunin da ba a iya kauce masa: faifai da'ira ne, jijiyar itace kuwa miƙe take, don haka a kowane faifai akwai haƙoran da jijiya ta bi tsawonsu, masu ƙarfi, da waɗanda ta gitta, masu saurin karyewa.

Agogunan kwangilar Porter har yanzu na dogon akwati ne. Ɗan koli yakan sayar wa manomi cikin agogon da fuskarsa da nauyinsa, shi kuma ya nemi kafinta ya yi masa akwati, ko ya rataye shi tsirara a bango. Terry ya ga cewa kasuwar nan za ta cika, kuma abin da ake bukata shi ne agogo kammalalle, da gidansa, wanda zai shiga keken doki da yawa a lokaci ɗaya. A 1810 ya sayar da masana'antar ga ma'aikatansa biyu, Seth Thomas da Silas Hoadley, ya koma wani ƙaramin shago yana gwaje-gwaje. A 1816 ya sami takardar mallakar agogon kanta na katako.

Yadda ya warware matsalar tsawo ba tare da sifirin ba shi ne abin da ya fi burge ni. A dogon agogo, nauyin yana rataye ne a ƙarƙashin injin, don haka duk filin saukarsa ƙari ne a kan tsawon akwati. Terry ya ɗauki igiyar ya haura da ita sama, ta bi ta kan wata 'yar taya a rufin akwatin, sannan ta sauko ta gefe. Nauyi biyu, ɗaya na tafiyar lokaci ɗaya na bugun ƙararrawa, kowane yana da hanyarsa a dama da hagu, yana sauka tun daga rufi har ƙasa, a gefen injin maimakon ƙarƙashinsa. Da haka duk tsawon akwatin ya zama filin aiki. Ya haƙura da kwana takwas, ya tsaya a kan awa 30, wato a wana shi kullum, da rarar 'yan awoyi ga wanda ya makara. Ya fito da faifan kama-da-saki da sandar lilo gaban allo, inda hannu zai kai gare su a saita ba sai an kwance komai ba. Ya matse injin ya zama siriri, har akwatin bai fi faɗin tafin hannu kauri ba. Bai tsaya a zubi ɗaya ba. Ya yi ta sauya tsarin fayafayan shekara da shekaru kafin ya zauna a kan wanda kowa ya kwaikwaya a shekarun 1820.

Sai kuma gidan. Wanda ya yi suna shi ne mai siraran ginshiƙai biyu a gefe, da kai mai lanƙwasa biyu suna fuskantar juna, da 'yan tulluwa uku na tagulla a sama, da ƙananan ƙafafu. Tsawonsa kimanin santimita 80. Jikinsa katako ne mai araha da aka lulluɓe da siririn fallen mahogani, dangin maɗacinmu. Ƙofar gilashi ce kashi biyu: ta sama a ga fuska, ta ƙasa kuma an yi mata zane ta baya, gida ko itatuwa ko bakin kogi, an bar wani ɗan gurbi fari a tsakiya inda ake hango ƙwallon lilo yana wucewa. Zanen bayan gilashi a juye ake yinsa, abin da zai fito gaba shi ake fara shafawa, kuma 'yan mata da matan yankin ne suka yi mafi yawansa, su da zanen furannin fuskar agogon. Sunayen akasarinsu ba su zo a kan takardar da ake mannawa a ciki ba. Takardar sunan mai masana'anta take ɗauke da shi, da bayanin yadda ake saitawa, da alkawarin cewa an lamunce agogon muddin an riƙe shi da kyau.

Dala 15 ake sayar da shi. Ba kyauta ba ne, amma manomi zai iya kaiwa, musamman da yake 'yan koli suna ba da bashi. Suna da wata dabara da ta shahara: idan maigida ya ce ba ya so, sai ɗan koli ya roƙi a ajiye masa agogon a kan kanta zuwa ya dawo daga zagaye. Bayan makonni iyali sun saba da ƙararsa, sun saba da sanin lokaci, ba mai yarda a sauke shi.

Nasara ta jawo masu kwaikwayo. Seth Thomas da izini ya fara, amma daga baya suka saɓa har Terry ya kai shi kotu a 1827. Wasu kuma sukan ɗan sauya wurin faifai ɗaya su ce nasu daban ne. Garuruwan Plymouth da Bristol da Waterbury na Konetikat suka cika da masana'antu, farashi ya yi ta faɗuwa. Terry dai ya tara dukiya, ya rasu a 1852 a garin da ake kira Terryville da sunan gidansu. Unguwar da Thomas ya kafa masana'antarsa ita ce ta zama garin Thomaston.

Abin da ya kashe agogon katako yana cikin katakon kansa. Itace yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kamar ƙofar ɗaki da ke cijewa da damina ta saki da hunturu. A gida ana iya zama da wannan. Amma makonni a cikin jirgin ruwa sukan kumbura fayafayan har su ƙi juyawa, don haka ba a iya kai shi ƙasashen ƙetare. Kasuwarsa ta tsaya a gida, kuma da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1837, masana'antu da yawa suka rufe.

Chauncey Jerome, wanda kafinta ne da ya fara da yi wa Terry akwatuna a 1816, shi ya ga mafita. A lokacin masana'antun Waterbury sun koyi murza tagulla ta zama falle mai kauri ɗaya, da taimakon ma'aikatan da aka ɗauko daga Ingila, kuma wani maƙerin agogo, Joseph Ives, ya riga ya yi agogunan kwana takwas da irin wannan tagullar. Tunanin Jerome shi ne a yi na awa 30 mai araha, a riƙa huda fayafayai daga falle da injin dannawa maimakon zubi. Ɗan'uwansa Noble Jerome ya tsara injin, aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1839. Aka saka shi a wani akwati mai sauƙi, murabba'i mai lanƙwasasshen baki, ba ginshiƙi ba ƙafa, mai jure tafiya. A 1842 Jerome ya aika kaya Ingila, ƙasar da ta koya wa Amurka sana'ar. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, jami'an kwastan sun ga farashin da aka rubuta ya yi ƙasa ƙwarai, suka ɗauka dabarar kauce wa haraji ce, sai suka yi amfani da dokar da ta ba su ikon saye kayan a kan farashin takarda da ƙarin kashi 10 cikin 100. Jerome ya ji daɗin samun mai saye da kuɗi hannu, ya sake aikawa, suka sake saye. A karo na uku suka gane farashin gaskiya ne, suka bar kaya suka wuce. Zuwa tsakiyar shekarun 1840 an daina yin cikin agogo da katako, kuma ba a jima ba aka fara samun sifirin mai araha a Amurka, agogon kanta ya ƙara ƙanƙancewa. Shi Jerome ƙarshensa bai yi daɗi ba: gobara ta cinye masana'antarsa ta Bristol a 1845, kamfaninsa ya karye a tsakiyar shekarun 1850, ya rasu a 1868 ba shi da komai, bayan ya taɓa zama magajin garin New Haven.

Ba zan ce ba a yi asara ba a wannan tafiya. Yaron da ya yi shekara bakwai a hannun Burnap ya san agogo daga narka tagulla har zanen fuska, zai iya buɗe shagonsa. Wanda ya shiga masana'antar Jerome aiki ɗaya ya sani, kuma ilimin gaba ɗaya ya taru a kawunan mutane ƙalilan masu ƙera injuna. Agogon Tompion da na Jerome kuma ba sa haɗa hanya wajen kyau ko daidaito. Sai dai agogon Tompion bai taɓa shiga ɗakin manomi ba, kuma ba don shi aka yi shi ba.

Zamanin agogon kanta na katako bai wuce shekara 30 ba, shi ya sa waɗanda suka rage suke da daraja, kuma ana iya ganin tarinsu a gidan tarihin agogo da ke Bristol ta Konetikat. Masu saye abin da suke fara dubawa shi ne ko sassan tare suka taso. Abin da ya sa agogon ya yi araha, wato musanyar sassa, shi ne kuma ya sauƙaƙa haɗin gambiza: injin wannan masana'anta a cikin akwatin waccan. Ramukan ƙusa da ba su dace da komai ba a allon baya sukan tona wannan. Ana duba takardar ciki, ko ta asali ce ko sabuwa da aka tsufar da ita. Ana duba gilashin ƙasa, domin tsohon gilashi yana da 'yan kumfa da lanƙwasa a jikinsa, fentinsa kuma yakan ɓare. Gilashi na asali mai ɓararren zane ya fi sabo mai sheƙi daraja a wurin masana. Kan akwatin da ƙafafunsa su suka fi karyewa, don haka su aka fi sauyawa, kuma launin katakon ta baya yakan nuna sabo da tsoho.

Wajen gyara ma akwai ƙa'ida. Ba a zuba wa fayafayan katako mai, domin yana jiƙa itacen ya tara ƙura. Wurin da ƙarfe ke gugar tagulla a kama-da-saki kaɗai ake ɗiga wa kaɗan. Idan haƙori ya karye, mai gyaran kirki ba ya jefar da faifan. Yakan yanke gurbin, ya dasa ɗan guntun itacen ceri da jijiyarsa ta bi tsawon haƙorin, ya manne, sannan ya fiƙe shi daidai da maƙwabtansa. Kuma kafin a ɗaga agogon daga inda yake, a fara cire nauyin biyu da ƙwallon lilo, don nauyi ɗaya da ya kuɓuce ya isa ya fasa ƙasan akwatin da gilashin da ya shekara 200.